Uwargida, Ajiye Tsumagiyar Nan Tukuna



A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, washegarin ranar da muka raba wa yara takardun sakamakon jarrabawa, wata uwa ta shigo makarantarmu tana jaye da 'yarta, ɗaya hannun kuma riƙe da tsumagiya. Yarinyar 'yar aji uku ce, ajin da nake koyarwa, kuma ta zo ta 87 cikin yara 104. Bayan mun gaisa sai uwar ta miƙo mini tsumagiyar ta ce, "Malama, ga ta nan, ki zane mini ita a gabana. Shekara uku tana zuwa boko ko sunanta ba ta iya rubutawa. Kwanyarta ce ba ta ja."

Na karɓi tsumagiyar na ajiye a kan tebur, na ba ta kujerata ta zauna, domin kujerar nan ɗaya ce a ajin. Na ce, "Yaya, me ta ci yau da safe kafin ku fito?" Sai ta yi shiru. Na ce, "To ƙarfe nawa take gama tallan koko?" Ta ce in an yi sa'a ƙarfe tara, in kasuwa ta yi nauyi kuwa har goma saura. Na buɗe mata jadawalin darussa na nuna mata cewa darasin karatu da na lissafi duk kafin ƙarfe tara da rabi ake yin su, domin da safe ne kan yaro yake a buɗe. Wato dai a shekara ukun nan da take ƙirgawa, 'yarta ba ta zauna darasin karatu na wata shida cikakku ba. Abin da takan tarar shi ne ƙarshen darasi, ta raɓa a bakin ƙofa domin wuri ya cika, kafin ƙarfe goma sha ɗaya kuma barci ya kwashe ta, don tun asuba take tsaye.

Wannan uwa ba muguwa ba ce. Mijinta ɗan dako ne a kasuwa, 'ya'yansu bakwai, ribar kokon nan da ita ake sayen garin tuwon dare. Da ba ta damu da karatun 'yarta ba, da ba ta bar aikinta ta tako har makaranta ba. Abin da ya sa na kawo labarinta shi ne, kalmar nan da ta faɗa, wai kwanyar yarinya ba ta ja, ina jin ta daga bakin iyaye kusan kowane ƙarshen zango, kuma ina so in gaya muku cewa a cikin yara goma da ake kira daƙiƙai, da ƙyar zan nuna muku ɗaya wanda da gaske haka Allah ya halicce shi. Sauran talauci ne ya biyo su har cikin aji ya zauna kusa da su.

Ni ƙaramar malama ce, takardata ba ta wuce ta shaidar malanta mai daraja ta biyu ba, amma abin da nake gani a ajina manyan masana sun auna shi a ƙasa baki ɗaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a shekarar 2022 wanda ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 daga cikin ɗari na 'yan Nijeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, ba rashin kuɗi kaɗai ba, har da rashin abinci mai kyau da ruwa da asibiti da makaranta. Mafi yawansu a Arewa suke, Jihar Sakkwato kuma ita ce kan gaba da kashi 91. Wannan kafin a cire tallafin man fetur ke nan a watan Mayu na 2023, wanda bayansa tsadar abinci ta haura kashi 40 daga cikin ɗari a tsakiyar 2024. Ba sai na gaya wa mai zuwa cefane abin da wannan yake nufi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, binciken da hukumar ta yi tare da UNICEF a 2021 ya gano cewa a cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan kashi 27 ne kawai suka iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi, kashi 25 kuma suka iya lissafi mai sauƙi. Ki haɗa waɗannan alƙaluma biyu wuri ɗaya ki duba, za ki ga ashe ba 'yarki kaɗai ba ce.

Yadda yunwa take cin karatu iri biyu ne. Akwai yunwar yau, ta yaron da ya fito gida bai karya ba. Shi wannan kina ganinsa kin gane shi: idonsa na kan allo amma hankalinsa na wajen mai awara da ke bakin ƙofar makaranta, ki tambaye shi abin da kika faɗa yanzun nan ya tsaya yana kallonki. Akwai kuma tsohuwar yunwa, wadda ta fi muni domin ba a ganin ta. Likitoci sun ce daga ɗaukar ciki zuwa yaro ya cika shekara biyu, kimanin kwana dubu ke nan, a nan ne ƙwaƙwalwa take yin mafi yawan girmanta, kuma in abinci mai gina jiki ya yi ƙaranci a wannan lokaci yaro yakan tsumbure, jiki da fahimta duka su ja baya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57, sa'an nan kashi 68 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini. Yaran da aka auna a 2018 ɗin nan su ne suke zaune a azuzuwanmu na furamare yanzu. Ƙara da zazzaɓin cizon sauro mai kwantar da yaro mako guda a damina, da tsutsar ciki mai raba abincinsa da shi. A yammacin Kenya an taɓa gwada ba 'yan makaranta maganin tsutsar ciki kawai, sai fashin zuwa makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwayar magani ce fa wadda ba ta kai kuɗin kunun safe ba.

To amma, za ki ce, ai gwamnati ta ce ilmi kyauta ne. Haka ta ce, kuma ta daɗe tana faɗa. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilmin furamare kyauta ga kowa, yara suka yi ta tuɗaɗowa fiye da yadda aka yi tsammani, aka rasa azuzuwa da malaman da za su ishe su. A 1999 Obasanjon dai, yana shugaban farar hula, ya sake ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce karatun shekara tara, shida na furamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne, har ta tanadi tara ko ɗauri ga iyayen da suka ƙi kai 'ya'yansu bayan an gargaɗe su. Ta kuma ware kashi 2 daga cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan aiki, da sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar UBEC tana kukan cewa biliyoyin naira suna kwance a asusunta domin wasu jihohi sun ƙi kawo nasu kason. Kuɗin gyaran rufin ajina ke nan a kwance, ni kuwa in hadari ya haɗu sai in tattara yara a kusurwa ɗaya.

Kyautar ma ki lissafa ta da kyau. Ba a biyan kuɗin makaranta, gaskiya ne. Amma wa yake ɗinka rigar makaranta da hijabi? Wa yake sayen takalmi da littattafan rubutu da fensir, wanda yaro yake ɓatarwa duk mako? Ga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, ga na buga takardun jarrabawa, yau a ce a zo da tsintsiya, gobe a ce a kawo na alli. Ga mai albashi waɗannan ba kome ba ne. Ga mai 'ya'ya biyar a makaranta wanda abin da ya samu yau shi za a ci yau, kowane ɗaya daga cikinsu shawara ce da ake yankewa tsakanin littafi da kwanon masara. Na san yaro a ajina wanda littafi ɗaya yake rubuta dukan darussa a ciki, in ya cika ya goge na farkon ya sake bi ta kai. Na san 'yan'uwa biyu mata masu riga ɗaya, wannan ta zo Litinin waccan ta zo Talata. In ranar jarrabawa ba ranar ki ba ce da riga, shi ke nan kin zo ta ƙarshe.

Idan yaro ya tsallake duk wannan ya iso aji, me zai tarar? Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a furamare. Na gaya muku nawa ne a nawa ajin. A watan Yuni na 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a Jihar Kano, da bakinsa ya ce yara fiye da miliyan 4 da dubu 700 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Yaron da yake koyon rubutu a kan gwiwarsa, ana matse shi dama da hagu, rubutunsa ba zai miƙe ba. In na ba yara ɗari aikin gida na ce zan duba na kowa minti biyu biyu, sama da awa uku ke nan a darasi ɗaya. Saboda haka sai malama ta koma ga abin da ya fi sauƙi, ta rubuta a allo ta karanta da ƙarfi, yara su amsa baki ɗaya kamar masu amshi. Mai wucewa ta bakin taga sai ya ce kai, ana karatu a nan. Ki ware yaro ɗaya ki nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar layin, a nan asiri yake tonuwa.

Kada ku ce na wanke mu malamai. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman furamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka yanka, aka sallame su. An yi ta gardama a kan yadda aka gudanar da abin, ni ma ina da nawa ƙorafin, amma ranar da na ji adadin nan kunya ta kama ni. Akwai waɗanda suka shigo aikin nan da takardar wani babba, ba da sanin aiki ba. Akwai malamar da takan zo ƙarfe tara da jakar atamfofi da turare, ta zaga ofis tana neman masu saye bashi, ta bar wa babban yaro bulala ya tsare mata aji. Wannan cin amana ne, kuma 'ya'yan talakawa ake ci wa, domin 'ya'yan masu hali suna makarantun kuɗi. Sai dai a tuna malamin shi ma talaka ne. A 2025 malaman furamare na Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan a biya su mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. A Abuja ke nan, a ƙarƙashin idon kowa. Zango guda cur ya tafi, ba wanda zai mayar wa yaran nan da shi.

Wani abu kuma da yake damuna shi ne harshe. Yarinyar da ba ta taɓa jin Turanci a gida ba, ba rediyon da ke yin sa a ɗakinsu, ba littafi, ta shigo aji ɗaya a ce ta koyi karatu da lissafi cikin harshen da ba ta ji, kaya biyu aka ɗora mata a lokaci ɗaya. Tun 1977 tsarin ilmi na ƙasa ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko, a 2022 aka ƙara zuwa shekara shida, sa'an nan a ƙarshen 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan a koma Turanci zalla. Manya sun san dalilinsu. Ni dai abin da na gani da idona, yaron da ya iya haɗa ba, bi, bu da Hausa ya karanta "baba ya tafi gona" ya gane abin da ya karanta, shi ne yake saurin kama Turanci daga baya, domin ya riga ya san cewa rubutu magana ce. A jihohin Bauchi da Sakkwato an yi amfani da littattafan "Mu Karanta!" na Hausa a ƙananan azuzuwa. A Kano kuma an gwada wani shiri a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, wanda asalin dabararsa daga ƙungiyar Pratham ta Indiya take: a auna kowane yaro a ga inda ya tsaya, a raba su rukuni rukuni gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, masu koyon baƙaƙe daban, masu haɗa kalma daban, masu karanta labari daban. Dabara ce mai arha ƙwarai. Ni ma ina yin irinta da kwalayen sabulu da nake yankawa in rubuta baƙaƙe a kai.

Batun ciyar da yara a makaranta kuwa, ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, ko da yake na san aibinsa. An yi shi a Kano zamanin Gwamna Kwankwaso tare da ba da rigunan makaranta, Kaduna ta fara nata a watan Janairu na 2016, Gwamnatin Tarayya kuma ta kawo nata a wannan shekarar a kan naira 70 kowane kwano ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, har aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi a watan Janairu na 2024. Masu suka suna cewa yara sukan zo da kwano su ci su gudu, kuma 'yan kwangila sukan tsakure rabon yara, a raba ƙwai ɗaya ga mutum biyu. Duk an yi. Amma maganin ɓarawon ƙwai a kama shi ne, ba a hana yara ƙwai ba. Uwar da ta san 'yarta za ta ci sau ɗaya a makaranta ta fi samun ƙarfin halin sauke mata farantin talla. An ma gwada wata hanyar a jihohin Neja da Sakkwato daga 2014, inda aka riƙa ba iyaye mata naira 5,000 duk wata uku a kan kowace yarinya domin ta je makaranta, kuma 'yan mata sun ƙaru a azuzuwa.

To, duk wannan na gwamnati ne, kuma in muka ce sai ta gyara sa'an nan 'ya'yanmu za su iya karatu, na yanzu sai su yi aure ba su iya ba. Bari mu koma ga abin da ke hannunmu.

Ba zan ce ki daina ɗora talla ba, domin ba ni zan ciyar da gidanki ba. Roƙona shi ne ki sauya lokacinsa. A bar wa yarinya safiyarta, daga bakwai da rabi zuwa tashi. In sana'arki ta safe ce, ki duba ko za a sayar a ƙofar gida, ko ki koma ga abin da ake saye da yamma, gyaɗa ko dafaffen rogo ko ɗanwake. Kada kuma ta fita da ciki wayam. Ɗumamen tuwon jiya abinci ne, kunu da ƙuli-ƙuli abinci ne, mai sayar da koko kuwa bai kamata a ce 'yarta ce kaɗai a unguwa ba ta sha ba. Ki riƙa ce mata ta buɗe littafinta ta nuna miki abin da aka yi yau, ko da ke ba ki yi boko ba. Ai kya gane shafin da aka yi rubutu da wanda ba a yi ba, kya kuma gane jan biron malama. In mako biyu suka wuce ba jan biro, ki sa mayafinki ki zo ki tambaye mu dalili, haƙƙinki ne. Kowace makarantar gwamnati ya kamata tana da kwamitin gudanarwa na jama'ar unguwa, kuma akwai kujerun mata a ciki. A wurare da yawa kujerun nan suna nan da suna kawai domin mun bar wa maza, alhali mu muka san yaron da ya kwana da zazzaɓi da wanda ya fita bai karya ba.

Akwai kuma wadda zan faɗa ko da za a ji haushina. Na ga gidan da aka ce ba kuɗin littafin rubutu, amma da bikin 'yar maƙwabta ya zo aka yi ankon uwa da na 'ya'ya. Na san bikin nan bashi ne da ake biya, kuma wadda ba ta yi wa mutane ba ba za a yi mata ba. Duk da haka, in kwasar adashi ta zo kanki, ki fara cire na dozin ɗin littafi da fensir ki kulle a akwati kafin ki tuna da tela. Ki kuma zaunar da maigida cikin ladabi ki nuna masa takardar sakamakon, kada ki ɓoye ta don gudun faɗa, domin nauyin nan nasa ne kafin ya zama naki.

Ku kuma ƙannena da kuka kai sakandare, kun fi kowa sanin wahalar da kuka sha kafin baƙaƙe su zauna muku. Minti ashirin bayan sallar Magariba, ki zaunar da ƙanwarki ki rubuta mata baƙi biyar a ƙasa da tsinke ko a bango da gawayi, ta faɗa ta maimaita. Kada ki doke ta in ta manta, kada ki kira ta daƙiƙiya, domin yaro yakan yarda da sunan da aka raɗa masa a gida.

Ita dai uwar da na fara ba ku labari, mun rabu a kan za ta gwada na zango ɗaya. Yanzu ƙanen mijinta da ya gama sakandare yake zaune da bokitin kokon a ƙofar gida, yarinyar kuma tana isowa kafin a buga ƙararrawa, na matso da ita layin gaba kusa da allo. Mako shida ke nan. Ba ta zama ta ɗaya ba, ba kuma na sa ran haka a bana. Amma ranar Alhamis da ta wuce ta rubuta sunanta da na mahaifinta ba tare da ta kalli na kowa ba, ta kuma karanta mini layi uku daga kwalayen sabuluna, tana tsayawa tana haɗawa. Tsumagiyar tana nan a bayan ƙofar ajina, da ita muke nuna baƙaƙe a allo, uwar ba ta dawo ta karɓa ba.